Raguwar manya masu asma a sashen gaggawa: sauƙi ne ko tsoron asibiti?

Tambaya

Assalamu alaikum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a 2019, kuma cutar ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekarar. Sai ga shi a 2020 asibitoci a ƙasashe da dama sun ga raguwar manya masu asma da ake kaiwa sashen agajin gaggawa. Shin sauƙi aka samu na haƙiƙa, ko kuwa tsoron korona ne ya hana mutane zuwa asibiti?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Tsoro yana da nasa kason, amma a ganina ba shi ne babban dalili ba. Ƙwayoyin cutar mura suna cikin manyan abubuwan da ke tayar wa manya da asma, kuma dokar kulle da sanya takunkumin fuska sun rage yaɗuwarsu ƙwarai, shi ya sa da aka sassauta dokokin, mura ta dawo, adadin ya sake hawa.

Amsa ta biyu

Ina tare da Malamar da ta ba da amsa ta farko a kan haka, sai dai shekarar annoba ba ma'auni ba ce. Raguwar da ke ɗorewa daga magani take fitowa. Asalin asma kumburi ne a hanyoyin numfashi, kuma inhelar salbutamol, wato maganin shaƙa mai saurin kawo sauƙi, tana buɗe hanyoyin ne kawai na 'yan sa'o'i, ba ta taɓa kumburin, don haka mai dogaro da ita kaɗai yakan ji daɗi yau, gobe a kwashe shi zuwa asibiti cikin dare. Wannan ne ya sa a 2019 kwamitin GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ya daina ba manya shawarar amfani da ita ita kaɗai, ya ce a riƙa haɗawa da sitiroyid na shaƙa, wato maganin da ke rage kumburin.

Ƙasar Finlan ta riga ta gwada hakan. Shirinta na 1994 zuwa 2004 ya dogara ga gano cutar da wuri, fara maganin kumburi, da horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma kwanakin da masu asma ke yi a gadon asibiti suka ragu da fiye da rabi, alhali yawan masu cutar ƙaruwa ya yi. Inda maganin kumburin ya yi tsada ko babu shi, sashen gaggawa ne yake zame wa majinyaci likitansa.

Amsa ta uku

A ƙara da yanayi, domin yakan rikita lissafin shekara guda cikin dare ɗaya. Ranar 21 ga Nuwamba 2016, guguwa mai tsawa ta watsa ƙurar furen ciyawa a birnin Melbon na Ostireliya, dubban mutane suka cika sassan gaggawa, goma suka rasu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kai ba a taɓa gaya musu suna da asma ba.