Wace kalma za mu ba “civility” da Hausa?

1/ Jama'a, ina fassara wani rahoto kan Amurka, kalmar civility ta maƙale mini kamar ƙayar kifi. Amurkawa na kukan ta yi ƙaranci a siyasarsu, musamman in aka tayar da zancen mazan jiyan da suka kafa ƙasar.

2/ Ladabi ne ya fara zo mini, na ajiye shi. Ladabi daga ƙasa yake hawa sama: ɗa ga uba, almajiri ga malaminsa. Ita kuwa civility tsakanin tsara take, tushenta civis ne na Latin, wato ɗan ƙasa. A 1856 da ɗan majalisa Preston Brooks ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner duka da sanda a zauren majalisar dattawa kan rigimar bauta, ai ba yaro ne ya raina babba ba. Abokin aiki ne ya tashi kan abokin aiki.

3/ Wata Hajiya ta turo mini: “Malam, ai kawaici ne.” Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma nan zan ja da ke. Mai kawaici kau da kai yake yi. Ki dubi Thomas Jefferson, ɗaya daga cikin mazan jiyan da suka kafa Amurka: shi ya rubuta a 1776 cewa an halicci mutane daidai, shi ne kuma ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A 2021 aka cire mutum-mutuminsa daga zauren majalisar birnin New York. Wanda kakanninsa suka yi bauta ba kau da kai ake nema daga gare shi ba. Ya faɗi tasa, mai kare Jefferson ya faɗi tasa, a tashi ba jini. A Charlottesville a 2017 hakan ya gagara, rigimar mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin Kudu masu kare bauta a yaƙin basasar Amurka, ta kai wani ya kutsa mota cikin masu zanga-zanga, mace ɗaya ta rasu.

4/ Ɗa'a ta fi kusa. George Washington yana yaro ya kwafe ƙa'idoji 110 na civility, har da yadda ake zama da cin abinci a gaban mutane. Wannan kam ɗa'a ce zalla. Sai dai abin da ake kuka a kansa yau ya fi haka takamaimai.

5/ Shawarata: ɗa'ar saɓani. Mu da muke cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, ba za ta yi mana baƙo a kunne ba. Na gwada ta da John McCain, abokin hamayyar Obama a zaɓen shugaban ƙasa na 2008, lokacin da wata mata a taron kamfe ta ce ba ta yarda da Obama ba, wai Balarabe ne. Ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali, ra'ayi ne kawai ya raba su. “McCain ya nuna ɗa'ar saɓani.” Ta zauna daram.

6/ Inda na tsaya shi ne kishiyarta, incivility. “Rashin ɗa'ar saɓani” ta yi wa kanun labari tsawo. 'Yan uwa na gidajen rediyo, me kuke cewa?