Daniel Shays: ɗan tawaye ne ko manomin da aka kai bango?

Malam: Assalamu alaikum jama'a. Na ce Daniel Shays, ɗaya daga cikin jagororin boren manoma a Amurka a 1786 zuwa 1787, ba maci amanar ƙasa ba ne, Baba Soja ya ce bai yarda ba, to ga labarin kowa ya auna. An haife shi a 1747 a Massachusetts ta Amurka. Ƙwadago ya fara yi a gonakin mutane, ya auri Abigail Gilbert a 1772, yana kuma cikin rundunar sa-kai ta garinsu. Da yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya ɓarke a 1775, da shi aka gwabza a Bunker Hill da Saratoga, har ya kai kyaftin. Ya bar soja a 1780 ba a biya shi haƙƙinsa ba, ya dawo gida bashi ya yi masa katutu.

Baba Soja: Malam, ban musa wahalarsa ba, amma ka tsallake maganar takobi. Janar Lafayette, Bafaranshen nan, ya ba shi takobin girmamawa, shi kuwa ya sayar. Mu da muka sa kaki mun san lambar yabo ba kayan kasuwa ba ce. Sannan ranar 25 ga Janairu 1787 ya ja mutane ɗauke da bindigogi suka doshi rumbun makaman gwamnati da ke garin Springfield. Wannan tawaye ne, babu wani suna.

Hajiya: Baba, da girmanka, takobi ba ya shiga tukunya. Ku duba matarsa da ke gida a Pelham, garin da suke zaune, da yara. Gwamnatin jihar ta ce haraji sai da tsabar azurfa ko zinariya, alhali manoman da hatsi da dabbobi suke musayar kaya. Wanda ya kasa biya, kotu ta sa a kwance saniyar da ake tatsa wa yaransa madara a yi gwanjonta, gona ta bi baya, wani ma a kulle shi. Ni da zan ga haka a ƙofar gidana, ba zan hana maigida sayar da takobi ba.

Ɗalibi: Baba, a gafarce ni, sai da manoman suka aika koke-koke ga majalisar jihar da ke Boston, ta tashi ba ta share musu hawaye ba, kafin suka tare kotun Northampton a Agustan 1786.

Baba Soja: Yaro, tare kotu daban, rumbun makamai daban. Da Janar William Shepard, mai tsaron rumbun, ya sa aka harba igwa, mutum huɗu daga cikinsu suka faɗi matattu. Su ma suna da iyali. Wa ya kai su wurin?

Malam: Wannan tambaya tana da nauyi, Baba. Amma wa ya biya rundunar Janar Benjamin Lincoln da ta fatattake su a garin Petersham? Attajiran Boston ne suka yi karo-karo, wato ajin masu bin bashin. Kuma a zaɓen 1787 jama'a suka kayar da Gwamna James Bowdoin suka zaɓi John Hancock, aka sassauta haraji. Shays da ya gudu Vermont da hukuncin kisa a kansa, an yi masa afuwa a 1788.

Baba Soja: Afuwa ai mai laifi ake yi wa. Na yarda an zalunce su a haraji. A kan Springfield kam ina nan kan bakana.

Hajiya: To Baba, mu lissafa laifin ɗaya ɓangaren ma. Fanshon aikin sojan nan bai zo hannunsa ba sai bayan dokar fanshon tsofaffin sojoji ta 1818, yana da shekara sama da 70, kuma a 1825 ya rasu a Sparta ta jihar New York.