Coaster ɗin Kawu Sale ko 'Yar Amurkan Alhaji?

Alhaji Buba: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wurin ɗaurin aure a Fadaman Mada na ji Injiniya yana cewa wai Coaster ɗin da Malam Sale ya mayar ɗakin kwana ta fi motar gidan da na shigo da ita daga Amurka inganci. To ya zo nan ya maimaita gaban kowa. Motar da aka ƙera a masana'anta, da banɗakinta da kicin da firji, ita za a jera da bas ɗin da kafinta ya yi wa kwaskwarima?

Injiniya Nura: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe ban janye ba, sai dai a ji ni daidai. Ban ce ta fi kyau ba. Cewa na yi in aka sa su zirga-zirgar Bauchi zuwa Yankari shekara biyar, taka za ta riga kwanciya. Motar gida abu biyu ne aka yi wa aure, ƙasa mota, sama ɗaki. Ƙasan taka ba mai kushe shi, shasin Ford E-450 ne da injin V10 mai lita 6.8. Ɗakin ne abin ji. Bangon irin waɗannan motoci faiba ce a waje, sai siririn filawud, sai soso, duk an manne su da gam. Rufin kuma shimfiɗar roba ce. Duk inda aka huda shi don esi ko fanka ko bututun iska, gam ne kaɗai ke tare ruwa. Ranar bazara ta gasa gam ɗin ya tsage, ruwan Agusta ya samu ƙofa. Filawud na shan ruwa sai ya saki faibar, ka ga bango ya yi ciki.

Malam Sale: Ni ba na son shiga tsakanin manya, amma tunda an ambaci sunana. Alhaji, ka tuna watan jiya da ka kawo ta a duba birki? Na hau kan gadon nan da ke saman direba, na danna kusurwar hagu da babban yatsa, ya nutse kamar burodi. Na ɗaga katifa, ƙasanta baƙi ƙirin, warin ruma kamar an buɗe tsohon rumbu. Na faɗa maka ka ce sanyin esi ne.

Alhaji Buba: Shi ke nan, yau asirin gareji ya fito kasuwa.

Malam Sale: Allah ya huci zuciyarka. Tawa jikinta ƙarfe ne tun daga kamfani, rufi da bango a haɗe da walda. Huda ɗaya na yi wa rufin, ta wayar sola. Injin 1HZ ne, dizal mai silinda shida, ba kwamfutar da za ta yi maka yaji a daji. In ta tsaya a Alkaleri akwai yaron da zai tashe ta kafin la'asar.

Hajiya Asabe: Malam Sale, a yi adalci. Ni ce nan na shiga duka biyun. A taka muka kai amarya Gombe a watan Afrilu, ƙarfen da kake yabo shi ya dafa mu. Soson da Injiniya ke rainawa a bangon ta Alhaji shi ke hana zafi shiga. Sannan kafin mu kai Dindima ƙofar kabad ta ɓalle ta sauka a ƙafar uwar amarya. Kafintanka ya ɗauka ɗakin amarya yake haɗawa, katako mai nauyi, ƙusa, har da tayil a ƙasa. Ɗakin amarya ba ya faɗawa rami. Abin da ya fi tayar min da hankali ma tukunyar gas ce, tana ƙarƙashin kujera ba inda iska za ta fita. A ta Alhaji gas a waje yake.

Injiniya Nura: Hajiya ta yi gaskiya a nan, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, dole akwatinsa ya samu huda ta ƙasa zuwa waje. Kawu, wannan kam ka gyara kafin ka sake ɗaukar kowa.

Malam Sale: Na karɓa. Tayil ɗin ma na ɗaye shi, shi ya ci min shokozoban baya.

Dakta Yakubu: Ku kuna ta Amurka da Bauchi kamar ba a yin su a wani wuri. Na Turai sun fi dacewa da mu ta wasu fuskoki. Yawanci a kan Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ake ɗora su, ba su kai na Amurka faɗi ba, kuma wutarsu mai ƙarfin volt 230 ce irin tamu. Kamfanin Hymer na garin Bad Waldsee a Jamus ya yi suna da bangon alminiyam da soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Inda gizo ke saƙa shi ne sababbin injinansu na dizal, masu matatar hayaƙi da ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, ba sa ga maciji da gurɓataccen mai. Na Ingila kuwa sitiyarinsu a dama yake, mu tun 1972 muka koma bin hannun dama. Kuma Alhaji, kada sunan ƙasa ya ruɗe ka. Mafi yawan irin taka a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, akwai ta mai kuɗi, akwai ta mai neman sauƙi. Kamfanin Thor shi ke da Airstream mai jikin alminiyam da ribit, ya sayi Jayco a 2016, ya sayi Hymer ɗin ma a 2019. Uba ɗaya, 'ya'ya kowa da halinsa.

Alhaji Buba: Dakta ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ranar da ta iso yarona ya jona ta da wutar NEPA, ita kuwa 120 take sha. Cajar batir da abin ɗumama abinci nan take suka tafi. Amma wannan laifin mota ne? Sakacinmu ne. Haka a sansanin Wikki na Yankari, firji ya ƙi sanyi kwana biyu, nama ya fara canza launi, na dinga tsine wa wanda ya sayar min. Ashe a gangare na ajiye ta. Irin firjin nan ba shi da kwamfiresa, da zafi yake juya ruwan amoniya a cikin bututu, in mota ta karkace sai ruwan ya ƙi gudana. Da na sa katako ƙarƙashin taya ta daidaita, zuwa safiya ya yi sanyi. Naman dai birai ne suka more shi.

Injiniya Nura: To ai maganata ke nan, ranka ya daɗe. Motar da sai an yi karatu kafin a ajiye ta, wa zai kula da ita a nan? Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Can masu ita suna hawa rufi akalla sau biyu a shekara su bi gam ɗin nan layi-layi. Kai yaushe rabon da a hau naka?

Alhaji Buba: Yanzu ka canza magana. Da inganci ka ce, yanzu ka koma kulawa. Ita ma Coaster a bar ta damina uku a ga ko tsatsa ba za ta cinye gindin tagogi ba.

Dakta Yakubu: Dukkanku ku duba tayoyi. A gefen kowace akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar. Motar gida zamanta ya fi tafiyarta yawa, sai ka ga zanen taya kamar sabo alhali robar ta tsattsage.

Alhaji Buba: Na aiki yaro da tocila. Ya ce 2314.

Hajiya Asabe: Inna lillahi. A kan wannan ka ɗauke mu zuwa Dadin Kowa?

Malam Sale: Alhaji kada ka fito da ita kwalta. Ranar Asabar zan zo gida da tsani da tiyo, mu sakar wa rufin ruwa rabin awa, wani ya zauna ciki da tocila. Zan taho da tawa a yi mata haka, kada a ce na yi son kai.

Alhaji Buba: Na yarda. Wanda tasa ta fara ɗiga shi zai sayi tsire. Injiniya kai za ka hau tsanin, kuma ka bi ta gefe, kada ka taka min kusurwar hagun nan.