Wane irin ɓaure ne wannan da na dasa a gida?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum. Shekara uku da suka wuce na dasa reshen ɓauren Larabawa, wanda ake kira tin, a tsakar gidana, kuma bana ya fara 'ya'ya. Ganyensa yana da kaushi, mai yatsu biyar. 'Ya'yan kuwa ko sun nuna fatarsu koriya ce mai ɗan rawaya, cikinsu kalar zuma. Ta yaya zan gane irinsa?

Dattijon Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka dogara da ganye, domin itace guda yana iya fitar da ganye mai yatsu uku da mai biyar a reshe ɗaya. Ka yanka ɗa guda da ya nuna sosai, ka duba launin ciki, sannan ka duba ɗan ramin da ke ƙasansa. Idan ramin a rufe yake, wani lokaci har da ɗigon ruwa mai zaƙi a bakinsa, to siffar ta yi kama da irin ɓauren da ake kira Kadota. Wani irin da ake kira Black Mission baƙi ne mai jan ciki, saboda haka ba shi ba ne.

Uwar Gida:
Baba ya yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne, tunda 'ya'yan sun nuna ba su zube ba, naka ba irin Smyrna ba ne, domin shi sai wani ƙaramin ƙwaro ya kai masa barbara kafin ya riƙe 'ya'ya.

Mai Lambu:
Na gode. Na duba ramin da safen nan, kuma a rufe yake.