Karin magana a aji: a haddace kawai ko a bar yara su yi musu a kanta?

Malamin Lissafi: Salam malamai. Maganar da muka fara a ofis nake so mu ƙarasa. Ni dai a ganina karin magana ba abin muhawara ba ne a aji, zancen magabata ne, a koya wa yaro ma'anarsa ya riƙe don WAEC da NECO shi ke nan. Amma a ce ɗan JSS 2 ya miƙe ya ce bai yarda ba, wlh tarbiyya ake ɓatawa.

Malamar Hausa: Malam ni ce na yi kuma zan sake. Biyu na rubuta a allo, "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe" da "sauri ya haifi nawa", na ce to wanne ne gaskiya? Ajin ya yi tsit, can sai wata yarinya da ke zama layin baya wadda ko hannu ba ta ɗagawa ta ce Malama ai duka gaskiya ne, in mara lafiya ne a gida ba a jira, in kuma fili baba zai saya sai ya bincika tukuna. Don Allah ina rashin tarbiyya a nan? Su kansu magabatan ai ba baki ɗaya suka yi ba, shi ya sa suka bar mana guda biyun.

Malamin Lissafi: Wannan na ji. To "abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba" fa? Ita ma a ba su su yi mata gardama, gobe su je gida su yi wa iyayensu?

Malamin Turanci: Ita ce ma ta fi cancanta Malam. A tambaye su yaushe take aiki, maganar aure da zaman duniya babba ya fi gani kam, amma yau wa ke nuna wa tsoho saƙon 'yan damfara a waya in ba jikansa ba? Kuma a haɗa musu da na sauran Afirka, Swahili na cewa haraka haraka haina baraka, wato gaggawa ba albarka, su can har a jikin zanen kanga ake buga irin waɗannan maganganu kamar yadda muke gani a bayan manyan motoci.

Malamar Islamiyya: Ni abin da ke damuna daban ne. Irin su "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu", yara da yawa 'yan uba ne a ajin nan, wasu benci ɗaya suke zama. In za a kawo ta to a kawo ta don a nuna musu illar ƙiyayyar da ke ciki, in haddacewa ce kawai gara a bar ta.

Malamar Hausa: Yauwa Hajiya, ai kin shigo layina ke nan.

Malamin Lissafi: Ban sauka ba fa. Aji mai yara sun fi ɗari, minti 40, yaushe aka yi muhawara yaushe aka gama silabus?

Mataimakin Shugaba: Tambayarka a kan hanya take. Malama ki ware minti 10 na ƙarshen darasin Alhamis, Malam kai kuma ka shiga ka zauna a baya ka gani da idonka, sai mu dawo nan.

Malamin Lissafi: To ranka ya daɗe zan shiga, amma ni zan zaɓi karin maganar.