An yi mini aikin zuciya ina ƙarama, yanzu ina son haihuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. An haife ni da ciwon zuciyar da likitoci ke kira Tetralogy of Fallot, aka yi mini aiki ina 'yar shekara huɗu. An ce wa iyayena aiki ya yi kyau, daga nan ba a sake kai ni wurin likitan zuciya ba. Yanzu na yi aure muna fatan samun rabo, amma kwanan nan zuciyata kan kama bugawa da sauri haka kawai, in na hau bene sai haki. Gajiya ce, ko abin damuwa ne?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Aikin ya yi kyau, amma mai irin ciwonki ba ya rabuwa da likita har tsufa. Wurin buɗe hanyar da jini ke bi zuwa huhu, bawul ɗin wajen, wato murfin da ke hana jini komawa baya, kan koma yana yoyo. Shekara da shekaru jini na dawowa baya, ɗakin dama na ƙasan zuciya na buɗewa a hankali, mutum ba ya jin komai sai tafiya ta yi nisa. Shi kansa tabon aikin yana iya rikita bugun zuciya. Ki nemi a yi miki eko (hoton zuciya) da ECG (gwajin bugun zuciya), a ɗaura miki Holter, 'yar na'urar da ke naɗar bugun zuciya, na awa 24. Hoton MRI kuwa shi ya fi auna girman ɗakin. In bawul ɗin na bukatar sauyi, an fi so a yi kafin ciki.

Wata 'yar uwa: Kwantar da hankalinki, ƙawata an yi mata aikin zuciya, 'ya'yanta uku lafiya lau.

Ma'aikaciyar jinyar: Allah ya raya su. Da yawa na haihuwa lafiya, gaskiya ne, amma zuciyar kowa daban. Jinin mai ciki na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zuciya ce ke ɗaukar nauyin. Ki ɗan jinkirta sai an duba ki. In cikin ya samu, ana yi wa jaririn da ke ciki eko tsakanin mako 18 da 22.

Wani da aka yi wa irin aikin: 'Yar uwa, nemi likitan da ya saba da manya masu ciwon zuciya na haihuwa, ba kowane likitan zuciya ne ya ƙware a nan ba. Tafi da takardun aikinki in suna nan. Ki kula da haƙora, ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su kama bawul. In kika suma ko bugun ya ƙi lafawa, kar ki jira ranar ganin likita, ki wuce asibiti kai tsaye.