Gunki, mutum-mutumi, ko siffar sassaƙa?

Malamai da 'yan uwa masu fassara, barkanmu da war haka. Ga nawa ra'ayin a kan kalmar nan ta Turanci, "sculpture", da muke ta kai-komo a kanta, musamman in ana maganar tsofaffin ayyukan Girkawa da Rumawa da Misirawa da ke ajiye a gidajen tarihi.

Bari in fara da "gunki", tunda ita ke saurin zuwa baki. Ban goyi bayan a mayar da ita kalmar komai da komai ba. Gunki abin bauta ne, kuma mai karatu na jin kalmar ya gama yanke hukunci tun bai ga abin ba. Akwai inda ta zauna daram: siffar Zeus, babban abin bautar Girkawa, da masassaƙi Fidiyas ya yi da zinariya da hauren giwa aka girke a haikalin Olimfiya, wannan gunki ne, ba gardama. To amma siffar mai jifa da faifai ta Mairon, wani gwanin Bagirke, ta wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗan wasa ne ya sunkuya zai wurga faifai. Haka siffar Lawukun da aka tono a birnin Rum a 1506, wanda ke gidan tarihin Batikan: uba ne da 'ya'yansa biyu macizai sun nannaɗe su, ya karkatar da kai baya, baki a ɗan buɗe, maciji na saransa a ƙugu. Labarin yaƙin birnin Taroi na almarar Girkawa aka zuba a dutse. Ina bauta a nan?

Abin da ya fi damuna shi ne labarai. Tun 1801 mutanen Lord Elgin, jakadan Birtaniya, suka fara ɓamɓaro sassaƙar haikalin Parthenon na birnin Atina suna kaiwa Ingila, a 1816 ta shiga hannun Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, har yau kuma Girka na neman abinta, ta ma buɗe sabon gidan tarihi a gindin tsaunin Akrofolis, wanda haikalin ke kansa, a 2009. Mai fassara ya rubuta "Girka na so a maido mata da gumakanta", ya juya rigimar gado ta koma ta addini, alhali galibin Girkawan yau Kiristoci ne.

Malam da ya kawo "mutum-mutumi", Allah ya ƙara sani, taka ta fi kusa, kuma in siffar mutum ce a tsaye ni ma ita zan ɗauka. Sai dai ba ta ɗaukar kayan duka. Jerin gwanon da ya kewaye Parthenon ya kai kimanin mita 160, mahaya dawakai da masu janye da shanun hadaya, dukansu a jikin allunan farin dutsen marmara, tudunsu bai wuce 'yan santimita ba. Ba a kewaya su, ba su da baya. Ga kuma bijiman Assuriyawa na fadar Sarki Sargon na Biyu da ke gidan tarihin Louvre a Faris, masu fukafukai da kan mutum da ƙafa biyar. Ƙari a kan haka, kalmar ta riga ta sami sabon aiki, da ita ake kiran na'urar nan mai motsi kamar mutum.

Shi ya sa na tsaya a kan "sassaƙa". Masassaƙi rage abu yake yi har siffa ta fito, ko turmi yake fafewa ko fuskar sarki. Sana'ar sai mu ce mata sassaƙa, abin da aka yi kuma siffar sassaƙa, jam'i siffofin sassaƙa. Irin na jikin allon dutse a ce sassaƙar bango. Wanda ya ba da shawarar "sassaƙe" ya yi haƙuri, kunnen Bahaushe ɓawon itacen magani zai ji.

Malama da ta ce tagulla ai ba a sassaƙa ta, gaskiyarki, kuma maganarki ce ta gyara mini tsarin. Tagulla zubi ake yi: a gina siffar da yumɓu, a lulluɓe ta da kakin zuma a fitar da kamanni, a sake rufewa da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Jaruman Riyace biyu da aka tsamo daga teku a gaɓar Kalabriya ta Italiya a 1972 haka aka yi su, leɓunansu na jan ƙarfe, ɗayansu ma haƙoransa na azurfa. Irin waɗannan mu ce siffar zubi. Bambancin na da amfani ƙwarai, don yawancin manyan ayyukan tagulla na Girkawa an narkar da su tun da daɗewa. Mai faifan Mairon ma asalinsa zubi ne ya ɓace, waɗanda ake gani yau kwaikwayo ne Rumawa suka sassaƙa da dutse. Da kalmominmu biyu mai karatu zai gane wannan nan take.

In ana son a haɗa su a kanun labari, "siffofin tarihi" ta wadatar.

Saura irin wadda aka tsaya a kafaɗa, kamar Sarauniya Nafartiti da aka gano a Amarna ta Masar a 1912, wadda ke birnin Balin na Jamus. Na ga an rubuta "rabin mutum-mutumi", sai ka ce karyewa ta yi, alhali haka mai ita ya nufa. Ni dai "siffar kai da kafaɗa" zan riƙa rubutawa, kuma cikin sassaƙa zan lissafa ta, tunda cikinta dutsen farar ƙasa ne aka sassaƙa, aka yaɓa mata farin shafe a sama, sannan aka yi mata fenti.